Jar Dara a Kan Kura

Madachi, ƙasar Rano

Zuwa ga ɗana, mai sunan Baba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina gaishe da yayarka Balaraba da ka sauka a gidanta a Kano, da maigidanta da yaransu. Allah ya sa takardar nan ta riske ka kafin ka hau motar Legas. Allah ya shimfiɗa maka hanya, ya raba ka da direba mai gyangyaɗi da abokin zama mai zuga, ya sauke ka cikin mutanen da za su ga mutuncinka. Innarka tana gaishe ka. Wai ita ta gama nata kukan, saura nawa. Kar ka saurare ta, hayaƙin murhunta ne yake shigar mini ido.

Hannun da kake gani na Tanimu tela ne, bakin nawa ne. Ka san ubanka, boko ko baƙi ɗaya bai sani ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. An kai 'ya'yan wasu makaranta, ni aka miƙa mini fartanya, amma wannan wata magana ce. Na ce wa Tanimu ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi mini ƙari ko ragi kamar wandon mutane. In ka ci karo da kalma mai santsi wadda ba ta yi kama da ni ba, tasa ce. Da na so da na kira ka a waya, amma a waya kai ne mai magana, ni kuwa sai "iye, iye" har kati ya ƙare. Takarda ba ta katse dattijo.

Ba labarin gari zan ba ka ba, kwanan nan ka bar shi. Maganar fim ɗinka ce.

Ka tuna ranar da ka buɗe kwamfutarka a zaure bayan la'asar, ka ce in zo in ga aikin da ya hana ka zuwa gona damina guda. Zane ne mai motsi, ba mutum ko ɗaya a ciki sai wanda hannunka ya yi. Ka ce shi mutanen Legas suka gani suka kira ka aiki, kuma da zarar ka isa za su sake shi, kowa ya kalla a wayarsa. Na zauna na kalla. Wani tsohon gida ne, soronsa ya tsage, zanko ɗaya ya karye, ga kuka tsaye a bayansa. Sama toka-toka, ƙasa toka-toka, kamar garin da aka yi gobara. Wani yaro ya shiga gidan neman hular kakansa. Mujiya tana gaba tana nuna masa hanya. Baƙin sa ya tare ƙofa yana huci, farin rago yana bin yaron a baya. Can ƙuryar ɗaki sai ga kura ta taso tana ɗingishi da ƙafar hagu, da jar dara a kanta. Duk fim ɗin babu wani launi sai jan hular nan.

Ka tsayar da abin ka ce, "Baba, kowace dabba da ma'anarta. Mujiya hikima ce. Baƙi tsoro ne, fari kuma gaskiya. Ja kuwa haƙƙi ne da aka ƙwace."

Na ce, "Kurar fa?"

Ka ce, "Kura ai kura ce, Baba." Ka dube ni kana murmushi, irin na yaron da ya kawo wa ubansa tsaraba.

Na tashi na ce awaki ba su sha ruwa ba. Na san ka zaci raini ne, don har ka tafi ba ka ƙara tayar da maganar ba. Ba raini ba ne, Babana. Zanen ya yi kyau, har ya wuce yadda nake so. Gidan nan gidanmu ne na Tarai. Kurar nan kuwa ƙanina ce, Baffanka Ilu, wanda ba ka taɓa cin tuwo kwano ɗaya da shi ba. Ni na gane, kuma duk wanda yake cin kasuwar Kibiya zai gane. Abin da ya sa na ɗauko Tanimu daga kan kekensa ke nan.

Bari in fara da mai sauƙi, mujiyarka. A ina ka taɓa jin mujiya da hikima? Wannan karatun waya ne. A garinmu in ta sauka kan ɗakin mutum ta yi kuka, mata salati suke farawa. Shekarar da aka haifi Balaraba, Innarka ta kwanta ciwo har muka fid da rai. A lokacin wata mujiya ta yi gida a kogon bishiyar da ke bayan rumbuna. Maƙwabta suka yi ta ce mini, "Haruna, kana kallon abin nan a bayan ɗakin mai jego?" Da rana tsaka na cusa wa kogon hayaƙi, ta fito tana makanta, na sauke ta da gora, na bi 'ya'yanta. Innarka ta warke, na yi ta bugun ƙirji, na manta da allurar da aka yi mata a asibitin Rano.

Da rani ya tsaya, ɓeraye da gafiyoyi suka mai da rumbuna kasuwa. Dawar da take kai mu kaka ba ta kai mu shuka ba. Jauro, Bafulatanin da yake kwantar da shanunsa a gonata don taki, ya leƙa rumbun ya leƙa kogon, ya ce, "Kaɗo, ka kashe mai gadi, kana cigiyar ɓarawo."

To, ka ji. Inda za ka, za ka tarar da mutanen da fuskarsu ba ta yi maka ba, harshensu ba ka ji, abincinsu ba naka ba. Za kuma ka tarar da masu ce maka wane kaza ne, ƙabilarsu kaza ce. Kafin ka ɗauki gora, zauna ka ga abin da mutum yake ci da abin da yake karewa. Na bar maka mujiyarka a fim ɗin. Hikima dai ban yarda ba, mai gadi ce. Kuma har gobe in ta yi kuka a kan ɗakina sai na yi a'uziyya, kowa ya ga dama ya yi dariya.

Sai baƙi da fari. A nan ne ka ba ni haushi. Wa ya ce maka tsoro baƙi ne? Likkafani wane launi ne? Ƙasar fadama da take ciyar da ku fa?

Baba, wanda ka ci sunansa, yana da shanun huɗa biyu. Ɗaya baƙi ƙirin, muna ce masa Dodo saboda muninsa. Ɗaya fari tas, muna ce masa Ango. Dodo yara suna bi ta ƙarƙashin cikinsa yana tuƙa. Ango kuwa ni nake shagwaɓa shi, nakan saci dusa da kanwa in ƙara masa, don in muka bi ta gari shi ake kallo, ni ma a kalle ni. Baba ya sha ce mini, "Haruna, farin nan kyansa a fata yake. Kada ka ɗaga masa tsumagiya matuƙar yaro yana gabansa."

Ka san yadda ake huɗa, ko da yake kai gudunta kake. Babba yana baya riƙe da garma, ƙarami yana gaba yana jan igiya. Ni ne a baya, Ilu a gaba, lokacin bai fi tsayin ƙahon Dodo ba. Ranar ana kokawa a Kibiya, ina so in gama kunyoyin da suka rage in tafi. Ango ya tsaya yana kaɗa ƙuda. Na zuba masa tsumagiya. Ya zabura, ya fizgi karkiya, Ilu ya faɗi a gabansu, garma ta bi ta kan ƙafarsa ta hagu. Dodo ne ya durƙusa ya kafe gwiwa a ƙasa, ya ƙi jawuwa. Ba don haka ba, da bakin garmar a cikin Ilu zai tsaya.

Maɗori ya yi iya yinsa, ƙafar ta kama amma ta gajarce. Da Baba ya tambaya, Ilu ya ce kututture ne ya harɗe shi. Ni ban ce ya faɗi haka ba. Ban kuma ce ba haka ba ne.

Shawarata a nan biyu ce. Kada kyan riga ko hasken ofis ya ruɗe ka, ka lura da wanda yake durƙusawa in abu ya ɓaci. Sannan in an ba ka yara a ƙarƙashinka, kada ka yi gaggawa alhali wani ne a gaban garma.

Amma ba wannan ne ya tashe ni daga zaure ba. Ɗingishin da ka zana wa kura, a ina ka gan shi? Sau nawa ka ga Ilu, ban da hange a wajen jana'iza? A wurina ka gani. Ni nake kwaikwayon tafiyarsa a tsakar gida in raina ya ɓaci, kana ƙarami kana tuntsira dariya, Innarka tana cewa, "Malam, ka ji tsoron Allah." Ƙafar da na gajarta da hannuna, ita na mayar abin wasa, kai kuma ka ɗauke ta za ka kai Legas.

Yanzu hular. Wannan ka sha ji, amma rabi ka ji.

Baba yana da jar dara guda ɗaya, ba ya sa ta sai Juma'a da Salla. In ya sa ta ya fito, ko kaza ba ta gitta masa. Da ciwon ajali ya kama shi ina wajen ci-rani. Ilu ne a gida, don ƙafarsa ba ta kai shi nesa. Na iso ranar sadakar uku. Ina shiga zaure, ga mutane cike, sai ga ƙanina zaune a kan buzun Baba yana karɓar gaisuwa, da hular a kansa. Ba a raba gado ba. Ni ne babba. Na ce masa, "Wa ya ba ka?" Ya ce, "Yaya, shi ya ɗora mini da hannunsa." Na ce, "Wa ya gani?" Ya ce ba kowa. A gaban liman da dattawan unguwa na ce, "Kura ba ta jiran gawa ta huce." Na karɓi rabona na gona na sayar, na dawo Madachi kusa da dangin Innarka. Tun daga ranar ban ƙara kiran sunansa a gidana ba, sai dai Kura.

Har yanzu ina nan a kan bakana, bai kamata ya sa ta a ranar ba. Ko da Baba ya ba shi, da sai ya jira in iso, ya nuna mini a ɗaki. Tanimu, rubuta wannan da kyau, kada tawada ta yi ƙasa.

Wannan duk ka sani. Ga wanda ba ka sani ba. Ranar sunanka, da aka raɗa maka sunan Baba, hantsi ya ɗaga ana rabon goro, sai ga Ilu a kan jaki tun daga Tarai. Ba wanda ya gayyace shi. Ya sauka da ƙyar, ya ciro wani ƙunshi daga aljihu, ya ce, "Yaya, na ji ka mai da sunan Baba. Ga hularsa, a ajiye wa yaron."

Na ce, "Abin da kura ta lasa ba a ba jariri."

Ya ɗan tsaya yana kallon ƙasa. Ya ce, "Allah ya raya." Ya hau jakinsa ya juya, ko ruwa ba a ba shi ba.

Ban taɓa yi maka ƙarya a kan Ilu ba, Babana. Tsallake na yi. Mai jin haushi haka yake, ba ya ƙirƙira, zaɓe yake yi. Kai kuma ka tashi da labarin da aka zaɓe, ka zana yaro yana neman hular kakansa a hannun kura, alhali hular ta zo har ƙofar gidanku tana neman ka, ubanka ya kore ta. Don haka duk labarin da ka ji daga baki ɗaya, ko bakin wanda ya haife ka ne, ka ɗauka kunya ɗaya ce ka gani, ba gonar ba. Musamman kai da sana'arka ta zama ba da labari. Ni zagina a tsakar gida yake tsayawa. Naka zai shiga aljihun kowa.

A nan takardar ta tsaya kwanakin baya, don mun yi faɗa da mai rubutu. Ya ajiye biro ya ce, "Haruna, kana ta auna wa yaro riga, kai kuma tsirara kake. Tarai a sama take?" Na ce masa an ɗauke shi rubutu ne, ba wa'azi ba, kuma wandon da ya ɗinka mini na Sallar bara har yau ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Ya naɗe takardarsa ya tafi.

Ranar kasuwar Kibiya na je sayen kanwa. Ba don maganarsa ba, awaki ne suke bukata. Da na gama sai na ga rana da saura, ga masu babur suna kiran Tarai, mutum ɗaya ya rage. Na cike musu.

Gidan yana nan yadda ka zana shi, ashe har hoto ka je ka ɗauka daga waje ban sani ba. Soron ya tsage, zankon ya karye, kuka tana tsaye. Sai dai da ka shiga ciki da ba ka ce toka-toka ba. Barkono ne shanye a tabarma ja wur, kuɓewa kore shar a bayan ɗaki, zannuwa a kan igiya kowanne da kalarsa.

Hajara, 'yar Ilu wadda take kula da shi, ita ta amsa sallamata a zaure. Ta durƙusa tana kallona kamar ta ga fatalwa.

"Baffa Haruna? Lafiya dai?"

Na ce, "Lafiya. Hanya ce ta biyo da ni."

Ta ce, "Ashe hanyar Madachi ta fara bi ta zaurenmu." Bakin uwarta gare ta. Sai ta rage murya. "Baffa, Balaraba, da muke gaisawa da ita, ta turo mana guntun fim ɗin ɗanku a waya, tana murna. Ni na gane. Duk wanda ya taɓa ganin babana yana tafiya masallaci zai gane. Ya ji sautin, ya ce in nuna masa aikin ɗan Yaya. Yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai a ciki sai jan nan. Kullum sai ya tambaye ni mene ne, ina cewa ban sani ba. In aka sake shi duka, yaran gari ba za su ce ba su sani ba."

Na same shi a rumfa a kan buzu, ƙafar tana miƙe. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Na yi sallama.

Ya ɗaga kai ya ce, "Wa nake ji kamar Yaya Haruna? Ko mutuwa ce ta aro muryarsa?"

Na ce, "Da mutuwa ce da ba ta yi sallama ba. Ka tsufa, Ilu."

Ya ce, "Bin bayanka nake yi, kamar kullum."

Na ce, "A huɗa dai kai ne a gaba." Ban san yadda aka yi ta fito ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Hajara ta kawo ruwa. Muka gaisa. Ya tambayi Innarka, na tambayi damina. Ba wanda ya taɓo tsohon zance. Aka kawo fura na sha, don ƙin shan furar mutane rashin tarbiyya ne, ba don wani abu ba.

Can ya ce, "Hajara, kawo wayar nan." Ta dube ni. Ya ce, "Kawo mana, yau ga mai ido ya zo." Ta kunna ta miƙa masa. Ya kai ta dab da hancinsa yana jira, har wurin ya zo.

"Yawwa, ga shi. Jan nan. Yarinyar nan ta ce ba ta san mene ne ba. Kai ka gani da ido biyu, Yaya. Mene ne?"

Na ce, "Hular Baba ce."

Fuskarsa ta saki. Ya ce, "Ashe yaron ya san da ita. Allah sarki." Ya ƙara matso da wayar. "Tana motsi. A kan wa take?"

Hajara ta sunkuyar da kai tana tsince barkonon da ba ya bukatar tsinta.

Na ce, "Ba a gama zanen ba tukuna."

Ya ce, "To. In an gama a faɗa mini."

Ya sa Hajara ta buɗe adaka ta ɗauko wani ƙunshi. Tsumman ma na gane shi, shi ne na ranar sunanka. Ya lalubo hannuna ya ɗora mini. Ya ce, "Ya zana ta bai taɓa ganin ta ba. Kai masa, ya ga irin jan da kyau."

Wannan karon na karɓa. Ba don ni ba, taka ce.

Ban sani ba ko ya sani. A kan babur ina ta juya abin har Kibiya. Ilu tun yana yaro ya iya cewa kututture ne.

Da na iso gida na kwance ƙunshin. Hular ta koɗe, ta koma kalar jar ƙasa, asu ya ci gefe guda. Ba ta kai ko rabin jan da ka zana ba. Abin da na bar gidan ubana a kansa ke nan, abin da ya sa kai da 'ya'yan Ilu ba ku san muryar juna ba. Innarka ta juya ta a hannu ta ce, "Malam, dama ita ce wannan?" Na ce ta je ta duba tukunyarta.

To ga abin da nake nema. Ni ban san aikinku ba. Ban sani ba ko ana cire hula daga kan zane yadda ake cire ta daga kan mutum. Tanimu, da ya huce ya dawo, ya ce warware ɗinki ya fi ɗinki wuya, kuma mai kaya ba ya son a taɓa abin da ya riga ya yaba. Mai yiwuwa mutanen Legas su ɓata rai, su ce sabon yaro ya zo da iyayi. Na san wannan fim ɗin shi ne ƙofarka, ban raina ba. Duk da haka ina roƙonka, kuma ka san bakina bai saba da roƙo ba.

Ban ce ka kashe kurar ba. Labarin tsoro ba kura ai tuwo ne ba miya. Bar ta da haƙoranta da dariyarta. Amma ka miƙe mata ƙafa, ka sauke mata hular. Ajiye hular a kan ƙusa, ko a cikin adaka, ko a hannun wani tsoho da ya daɗe yana jiran yaron ya shigo, kai ka san yadda za ka yi. In kuwa dole sai kurar ta yi kama da wani, ga ni nan da raina. Ka san tarina, ka san hararata. Zan iya ɗauka, ni na saya.

In sun ƙi, ka faɗa musu gaskiya, cewa akwai dattijo a Tarai wanda jikokinsa suke da waya. In suka ƙi har yanzu, to ka san irin mutanen da za ka yi wa aiki tun kafin ka kwance jaka, wannan ma riba ce. Gona tana nan, garma tana nan, ba ta taɓa korar kowa ba.

Kada ka ɗauka na sauka daga maganata ta ranar sadakar uku. Ban sauka ba. Wannan tsakanina da Ilu ne, mu biyu za mu ƙarasa ta, ko a rumfarsa ko a gaban Allah. Na ce masa zan dawo ranar kasuwa mai zuwa, don kanwar da na sayo ba ta da kyau. Amma kai ba ka da rabo a cikin wannan faɗa. Gado ne da ban yarda ka ci ba.

Sauran kuwa ka sani. Ka riƙe salla a kan lokaci ko da aiki ya sha kanka. Ka nemi inda 'yan Arewa suke cin abinci, amma kada ka tsaya nan kaɗai. Ka kira Innarka ranar Juma'a, ni ba sai ka kira ni ba, ina kusa da ita zan ji. In ka zo hutu, ka sauka a Kibiya ka fara shiga Tarai, ka shiga har tsakar gida, ka ga launin wurin da idonka.

Allah ya tsare gabanka da bayanka. Ya sa albarka a hannun nan naka mai zane, ya hana shi zana abin da zai sa wani sunkuyar da kai. Ya kare ka daga sharrin ruwa da na hanya da na baki. Ya dawo mana da kai muna raye, mu duka, har da na Tarai.

Na faɗa wa Baffanka ba a gama zanen ba. Kai kaɗai ne za ka iya mai da maganar nan gaskiya.

Hular tana cikin ƙunshin da direba zai ba ka tare da takardar nan, ƙarƙashin ƙuli-ƙulin Innarka. Kada ka sa ta sai ranar da ka gama.

Ni ne ubanka,
Haruna